RANAR HUTU A BAYAN GANUWA: TARIHIN LAHADI DA ADDU'A A FAGGE DA SABON GARI

Kwamitin da ya shirya littafin tunawa ya ɗora mana rubuta wani sashe na tarihi. Sunayen fastoci da dattawan da suka yi hidima a nan, da labarin yadda aka yi ginin, duk za ku same su a wasu shafuffuka. Namu rabon shi ne tarihin rana ɗaya tak cikin bakwai, wato ranar da take tara mu. Shekara 50 tana ɗauke da Lahadi fiye da 2,600. In aka ɗebe waɗannan ranaku daga tarihin ikilisiya, abin da zai rage bulo ne da kwanon rufi.

Ko sunan bikin ma daga nan ya fito. Mutane da yawa suna tsammani Jubili kalmar Turawa ce, amma asalinta Ibrananci ne, daga sunan ƙahon rago da ake busawa. A Littafin Firistoci sura 25 Allah ya umarci Isra'ilawa su bar gona ta huta kowace shekara ta bakwai. Sa'an nan su ƙirga irin wannan hutu sau bakwai, shekara 49 ke nan, a ta hamsin a busa ƙaho, bawa ya koma gida, gonar da aka jinginar ta koma hannun mai ita. Ashe Jubili ɗiyar Asabar ce. Wanda bai fahimci uwar ba, da wuya ya san abin da yake yi a bikin 'yar.

ASABAR A BAKIN BAHAUSHE

Mu masu jin Hausa muna da wata gata a wannan magana. Sunayen ranakunmu daga Larabci suka zo, kuma ƙirga ne kawai: Lahadi ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku, Laraba ta huɗu, Alhamis ta biyar. Juma'a ranar taruwa ce. Asabar kuwa tushenta ɗaya da kalmar Ibrananci mai ma'anar dainawa, a tsame hannu daga aiki. Saboda haka duk wata Asabe da wani Ɗanladi da ke zaune cikinmu yau suna ɗauke da jerin ranakun Littafin Farawa a sunansu. Tsofaffinmu da suka tashi da tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932 sun saba da kalmar Assabaci, juyin 1979 kuma ya ce Asabar. Abu ɗaya ne.

Dokar ta zo sau biyu, kowane da nasa dalili. A Fitowa sura 20 dalilin shi ne halitta: Allah ya gama aikinsa ya huta, ba don ya gaji ba, sai don aikin ya kammala. A Maimaitawar Shari'a sura 5 dalilin shi ne bauta. An tuna wa Isra'ila cewa ta taɓa zama baiwa a Masar, inda babu ranar da Fir'auna ya ce a ajiye yin tubali. Don haka dokar ta lissafta ɗa da 'ya, bawa da baiwa, sa da jaki, har da baƙon da ya sauka a garin. A lura da wanda aka yi wa magana. Maigida aka umarta, gama shi ne mai ikon hana wasu hutawa. Za mu komo kan wannan, domin a nan ne ƙafar yawancinmu take zamewa.

Tun kafin a ba da dokar a Sina'i, Allah ya riga ya koya musu da manna (Fitowa 16). Wanda ya ɓoye na gobe, ya wayi gari ya tarar da tsutsa. Amma wanda aka tara ran shida domin rana ta bakwai bai lalace ba. Darasin ba mai wuyar ganewa ba ne, wuyarsa wajen aikatawa take, musamman ga ɗan kasuwa da aka raina da karin maganar nan cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune.

YADDA AKA ZO GA LAHADI

Ubangijinmu ya kiyaye Asabar. Luka 4:16 ya nuna shiga majami'a a ranar al'adarsa ce. Abin da ya ƙi shi ne shingen da malaman Attaura suka kewaye ta da shi. Ya warkar da matar da ta yi shekara 18 a tanƙware, ya kuma tambayi masu gunaguni ko ba su kwance jakinsu su kai shi shan ruwa a ranar (Luka 13). A Markus 2:27 ya mai da kowane abu mazauninsa, ya nuna domin amfanin mutum aka kafa ranar. Ya kwana a kabari ran Asabar, ya tashi da asubar ranar farko ta mako. Daga nan masu bi suka riƙa taruwa a wannan rana, kamar yadda muke gani a Ayyukan Manzanni 20:7, da 1 Korantiyawa 16:2, har Wahayin Yahaya 1:10 ya kira ta ranar Ubangiji.

Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, kusan shekara 300 Lahadi ranar aiki ce ga masu bi. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Romawa mai suna Filini ya rubuta wa Sarki Tirajan cewa Kirista sukan taru a wata ƙayyadaddiyar rana tun gari bai waye ba. Dole su yi haka, gama da yawansu bayi ne da 'yan ƙwadago. Saurayin nan na Taruwasa da barci ya kwashe a bakin taga har ya faɗo, kada mu cika yi masa dariya. Mai yiwuwa ya wuni yana aiki, ga kuma Bulus ya ja wa'azi har tsakar dare. A nan nahiyarmu, a garin Abitina cikin ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu, an kama masu bi 49 a shekara ta 304 domin sun taru ran Lahadi bayan Sarki Diyokiletiyan ya hana. Da aka tuhumi mai gidan da aka taru a ciki, amsarsa ita ce ba su iya rayuwa ba tare da jibin Ubangiji ba. Sun mutu a kan wannan. Sai a shekara ta 321 Sarki Kustantin ya yi doka a rufe kotuna da wuraren sana'a na birane ran Lahadi, ko shi ma ya ƙyale manoma.

Ikilisiya ba ta zama baki ɗaya a kan maganar ba. 'Yan'uwanmu na Habasha, bayan doguwar gardama, sun yanke a taron Debre Mitmak a 1450, zamanin Sarki Zara Yakob, cewa za su girmama Asabar da Lahadi duka. 'Yan Adbantis, waɗanda suka shigo Nijeriya a 1914 suka kuma kafa tasha a Jengre a farkon shekarun 1930, suna riƙe da Asabar kaɗai. Ba mu yarda da su ba cewa mai sujada ran Lahadi ya karya doka, gama Kolosiyawa 2:16-17 da Romawa 14:5 sun hana mu yanke wa juna hukunci a kan ranaku. Amma gaskiya ɗaya ce, yadda suke ajiye aiki tun faɗuwar rana ran Juma'a abin koyi ne.

LAHADI TA ZO KANO A JIRGIN ƘASA

Kano ta dā ba ta san wata rana da gari duka ke ajiye aiki kowane mako ba. Juma'a babbar rana ce, amma ta taruwa ce. Suratul Jumu'a ta umarci a bar ciniki in an kira salla, in an idar kuma a watsu neman abinci. Almajiran makarantar allo suna hutun Alhamis da Juma'a. Kasuwannin ƙauye kowace da ranarta, ta Wudil ran Juma'a, ta Dambatta ran Lahadi. Kurmi kuwa kullum tana ci.

A 1900 Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS ya iso Kano da ƙaramar ƙungiya, cikinsu har da Likita Mila. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, cikin 'yan kwanaki suka juya zuwa ƙasar Zazzau. Turawa suka ci Kano da yaƙi a watan Fabrairu 1903, amma gwamnatinsu ta hana 'yan mishan aiki a cikin birni. Don haka waɗanda suka fara yin sujadar Lahadi a kai a kai a nan ba 'yan mishan ba ne. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ga akawuna da kafintoci da ma'aikatan reluwe daga Saliyo da Gana da Legas da Lakwaja, daga baya kuma Ibo da yawa. Wajen 1913 aka yanka musu Sabon Gari. Har yau in mutum ya ji tsofaffin sunayen tituna irin su Freetown, Gold Coast, Yoruba Road, Ibo Road da Church Road, ya karanta tarihin unguwar ke nan. Su ne suka tara kuɗi daga albashinsu suka kafa majami'u, Angilikan da Katolika da Metodis da Baptis, kowa da harshen garinsu.

Lahadi ta shigo da fuska biyu. Ga gwamnati da kamfanonin Turawa, ranar rufe ofis ce. Ga mai bi, ranar Ubangiji ce. Wanda ya sami ta farkon ba tare da ta biyun ba, otal ya nufa. Bakano da ke hangen Sabon Gari daga Fagge yakan ji ƙararrawar majami'a da safe, da yamma ya ji kiɗan gidan giya, bai kuwa ga dalilin da zai raba su ba. Wannan tabo ya daɗe yana bin sunan Kirista a garin nan, kuma ba maƙwabtanmu ne suka ƙaga shi ba.

Sujada da Hausa ta zo daga baya. Tun wajen 1930 akwai majami'ar Angilikan ta masu jin Hausa a Fagge. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. A cikin waɗannan shekaru SIM ta sami izinin zama a Kano, ta karɓi aikin kutare, ta buɗe Asibitin Ido a 1943, ta kuma kafa tashoshi a cikin Maguzawa a wurare irin su Karaye da Gani da Roni da Tofa. Daga nan ECWA ta fito a 1954. Mutanenmu suka yi ta zuwa daga kudancin Zariya, da Filato, da Tangale, da Adamawa, da Zuru, wasu soja, wasu 'yan sanda, wasu kuku, wasu lebura, wasu ma'aikatan jinya. A gida kowa da yarensa, amma ran Lahadi Hausa ce take haɗa Bajju da Ngas da Bachama da Bamaguje a kan benci ɗaya, da Littafin Waƙoƙi ɗaya.

Turawan da suka koyar da iyayenmu sun zo da Lahadi mai tsanani. Sun fito daga Ingila da Sikotilan da Amurka da Kanada, inda a 1906 majalisa ta yi dokar hana ciniki da yawancin ayyuka a ranar Ubangiji. Haka suka koyar: ba noma, ba kasuwa, ba daka, ba wanki. Matan Zumunta sukan gama surfe da ɗiban ruwa tun ran Asabar. Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, su kuma iyayenmu mata sun san Lahadin kirki ran Asabar ake shirya ta. Wasu dokokin sun wuce gona da iri, har yaro ya girma yana ganin ranar kamar kurkuku, ba dariya ba wasa. Duk da haka kada mu yi saurin raina su. Ga saurayin Bamaguje da ke noma a gandun ubansa, ajiye fartanya ran Lahadi a tsakiyar damina ita ce shaidarsa ta fari, tun kafin baftisma. Ƙauye duka zai gani. Wasu an hana su abinci, wasu an hana su aure. Mai sayar da hatsi da ya daina zuwa kasuwar da ke ci ran Lahadi ya san abin da ya rasa har ƙwandala ta ƙarshe.

Akwai wani wuri a Nehemiya 13 da ba mu taɓa karantawa ba tare da tuna Fagge ba. Nehemiya ya tarar mutanen Taya suna sayar da kifi a Urushalima ran Asabar, sai ya sa aka rufe ƙofofin gari tun magariba. Fatake suka kwana a bayan ganuwa da kayansu suna jira. To, Fagge ma haka ta samo asali, zango ne na Buzaye da fataken hamada a bayan ganuwa, kusa da Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai. Bambancin shi ne Nehemiya gwamna ne, yana da mabuɗin ƙofa. Mu ba mu da shi. Allah ya ajiye mu a gefen fatake, tsakanin Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari, inda maƙwabcinmu Musulmi ba abin da ya hana shi buɗe shago ran Lahadi, kuma ba laifi ya yi ba. Ƙofar da za mu iya rufewa ita ce ta shagonmu. Matsayinmu ya fi kama da na masu bin zamanin Filini fiye da na zamanin Kustantin.

LAHADIN DA AKA YI DA ZUCIYA A HANNU

Ba za mu tona tsohon miki don jin daɗi ba, amma tarihin da ya tsallake waɗannan ranaku ƙarya ne. Rikicin siyasa na 1953 ya fara ran Asabar 16 ga Mayu, kuma a tsakanin Fagge da Sabon Gari aka fi gwabzawa. Gwamnati ta ƙirga gawa 36. Ran 29 ga Mayu 1966, lokacin tarzomar Araba, Lahadi ce. Kisan da aka yi a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari ran 1 ga Oktoba na shekarar nan ran Asabar ne. Bayansa 'yan'uwanmu na Gabas suka kwashe, majami'u masu cika maƙil suka koma 'yan tsiraru. A waɗannan shekaru ne nauyin buɗe ƙofa ran Lahadi ya faɗo sosai a kan masu bi 'yan Arewa. Allah kuwa ya riga ya shirya su. Aikin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya fara a 1963 zuwa 1964, ya koya wa mutane taruwa kaɗan kaɗan a gidaje domin addu'a, ba sai da fasto ba. An yi shi domin bishara, ya zama guzurin ranar wuya.

A Disamba 1980 rikicin Maitatsine ya tashi a 'Yan Awaki, nan kusa da mu. Lahadi biyu da Kirsimati suka faɗa a ciki, kwamitin bincike ya ce mutum 4,177 suka mutu, yawancinsu Musulmi. A 1982 Babban Bishop na Kantabari, Robert Runcie, ya aza harsashin sabon ginin majami'ar Angilikan ta Fagge, wadda masallacin Juma'a na Waje yake kusa da ita. Gardama ta tashi a kan kusancin. Ran Asabar 30 ga Oktoba 'yan sanda suka tsare wannan majami'a, masu zanga-zanga suka juya kan wasu, aka ƙone. Washegari Lahadi ce. Sai kuma 14 ga Oktoba 1991, rikicin zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, wanda ya ci rayuka da dukiya ta kowane ɓangare.

Zamanin Boko Haram ya kawo wani abu sabo, wato a nufi mutum daidai lokacin da yake addu'a. Ran Lahadi 29 ga Afrilu 2012 aka buɗe wuta kan masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, aƙalla mutum 15 suka mutu, har da farfesoshi biyu. Ran Lahadi 27 ga Yuli 2014 aka jefa bam a majami'ar Katolika ta St. Charles a Sabon Gari ana fitowa daga sujada, mutum 5 suka rasu. Wata huɗu bayan haka, ran Juma'a 28 ga Nuwamba, aka kashe Musulmi fiye da 100 a Babban Masallacin Kano suna tsaye za su yi salla. Mai kisan bai bambanta ranar wani da ta wani ba. Ya kamata 'ya'yanmu su san kuma cewa a Janairu 2012, lokacin zanga-zangar janye tallafin man fetur, matasa Kirista sun yi zobe suna gadin Musulmi har suka idar da salla, wasu Musulmin Kano kuma suka zaga majami'un Sabon Gari ran Lahadi suna ba da tabbacin zaman lafiya.

A waɗannan shekaru aka saba da shinge a bakin titi, da na'urar bincike a ƙofa, da mata su bar jaka a gida. Samarinmu da yawa sun yi shekaru ba su ji wa'azi daga farko zuwa ƙarshe ba, suna waje suna gadi domin mu zauna. Wasu iyalai sukan raba kansu, uba ya zo sujadar farko, uwa ta zo ta biyu, don kada yara su zama marayu a rana ɗaya. Ina hutu a irin wannan Lahadi? In hutu yana nufin kwanciyar jiki kaɗai, babu. Amma Ibraniyawa sura 4 tana maganar wani hutun Asabar da ya rage wa jama'ar Allah, wanda ake shiga ta wurin bangaskiya, Matiyu 11:28 kuma ya nuna a wurin wa ake samunsa. Tsohuwar da ta ɗaura ɗankwali ta ratsa shingen soja ta zo ta zauna a bencinta ta san wannan nassi fiye da yadda makarantar Littafi Mai Tsarki take koyar da shi.

Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 26 ga Maris 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ta auku ne ran Asabar ta jajiberin Ista. Da safe aka zo aka rera waƙoƙin tashin Almasihu da ƙaurin hayaƙi a riga. A Afrilu 2020 kuma annobar Korona ta sa aka kulle Kano, majami'u da masallatai duka. Abin da harsashi bai iya ba, cuta ta yi. Makonni da dama kowane maigida ya zama faston gidansa, nan ne kuma aka gane gidajen da suka saba addu'ar iyali da waɗanda suka bar wa ikilisiya komai.

WANE NE BA YA HUTAWA A CIKINMU?

Yanzu mu koma kan Maimaitawar Shari'a. A gidajen masu bi da yawa a Sabon Gari da Nomansland da Badawa akwai yarinya da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta. Ran Lahadi ita ce farkon tashi. Ta yi wa yara wanka, ta goge kaya, iyali su shiga mota, ita ta tsaya gida tana dafa shinkafar da za a dawo a ci. Maigidan yana iya zama dattijo, uwargidan shugaba a Zumuntar Mata. Bisa ga nassi, wannan gida bai kiyaye ranar Ubangiji ba ko da ya ba da zakka cikakkiya, gama wadda aka yi dokar dominta ita ce aka bari a bakin murhu. Haka yaron shago da aka ce ya buɗe a ɓoye bayan sha biyu. Annabi Amos (8:5) ya san irin 'yan kasuwan da ke zaune wurin sujada suna ƙosawa ranar ta wuce su koma rage mudu.

Akwai kuma waɗanda ba su da zaɓi. Ma'aikaciyar jinya, da soja, da ɗan sanda, da mai gadi, da ma'aikacin masana'anta a Bompai ko Sharaɗa ko Chalawa da juyin aikinsa ya faɗo ran Lahadi. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairu 2013, samarinmu da yawa suka koma Adaidaita Sahu, mai keken kuwa yana jiran balas ɗinsa kullum. Ba daidai ba ne a tsaya a bagade a yi musu tsawa kamar masu tawaye. Ubangijin da ya kāre almajiransa sa'ad da suka zagi zangarniyar hatsi don yunwa ba zai kore su ba. Abin da ya wajaba a kan ikilisiya shi ne ta yi yadda ta fari ta yi, ta buɗe ƙofa da asuba ko da dare domin su. In kuma mai keken ɗan'uwa ne cikin Almasihu, ya yafe balas na rana ɗaya cikin bakwai. Wannan ma sujada ce.

Wata matsalar a cikin harabar majami'a take. A ikilisiyoyi da yawa na Kano Lahadi ta zama ranar da ta fi kowace gajiya: Makarantar Lahadi, sujada ta awa huɗu, sanarwa mai tsawon wa'azi, baiko kashi uku, sa'an nan taron kwamiti, taron ƙabila, taron adashi, har magariba. Mutum ya koma gida bai ga 'ya'yansa ba, bai gai da mara lafiya ba. Yesu da kansa ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa domin su ɗan huta, lokacin da jama'a suka hana su ko cin abinci (Markus 6:31).

Addu'a ma ana iya mai da ita aikin ƙarfi. Tun daga shekarun 1980 kwanan addu'a da lasifika suka yawaita a unguwannin nan. Ba mu ƙi addu'ar dare ba, Ubangiji ya yi ta, iyayenmu ma sun yi ta a kwanakin tsoro. Amma in ana koya wa mutane cewa sai sun yi ihu har muryarsu ta dushe kafin Allah ya ji, to an koma Dutsen Karmel, a gefen annabawan Ba'al (1 Sarakuna 18). Matiyu 6:7-8 ya gargaɗe mu a kan yawan surutu, gama Uban ya riga ya san bukatar. Asabar da addu'a tushensu ɗaya ne. A cikin duka biyu mutum yana sauke hannunsa, yana yarda cewa ba shi yake riƙe da duniya ba, ba shi ne kuma mai ciyar da kansa ba. Shi ya sa addu'ar da iyayenmu suka fi riƙewa mai sauƙi ce: a tashi da asuba, a rera waƙa ɗaya, a karanta sura, kowa ya faɗi abin godiya da abin roƙo, a ambaci sarki da gwamna da maƙwabci da sunansu. Zabura 92, wadda aka rubuta mata take cewa ta ranar Asabar ce, da godiya ta fara, safe da dare. Maƙwabcin da lasifikarmu ta hana barci har asuba, shi ma yana cikin baƙin da dokar hutu ta ambata.

Saura maganar Jubili kanta. Babu inda Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin cewa Isra'ila ta taɓa cika ta sosai. A Irmiya 34, zamanin Sarki Zadakiya, manyan Urushalima sun saki bayinsu da magabta suka kewaye gari, da suka ga sauƙi ya zo suka sāke kama su. 2 Tarihi 36:21 ya ce shekara 70 na zaman talala a Babila su ne ƙasar ta rama Asabar ɗin da aka hana ta. Mun ɗinka ankon biki, mun yi wa gini fenti, mun gayyaci manyan baƙi, duk wannan yana da kyau. Amma akwai gwauraye da marasa aiki a cikinmu da asusun taimakon ikilisiya yake binsu bashi tun shekarun gobara da na kulle, wasunsu sun daina zuwa sujada don kunyar haɗuwa da ma'aji. Akwai kuma bashin da ke tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uwa, wanda ba a rubuta a littafin kowa ba. Mun kai maganar na farkon gaban majalisar dattawa, tare da roƙon a buɗe sujadar ƙarfe shida na safe domin masu gadi da masu aikin dare. Za a karanta amsarsu a taron ikilisiya na farko bayan biki, kuma ana roƙon kowane mai cin jibi ya kasance a wurin.